Kalaba: Wuni guda a dajin da ke tsaye cikin ruwan gishiri

A wajenmu Haɗeja, sau ɗaya kogi yake kawowa a shekara. Idan damina ta yi nisa sai ruwa ya malale fadamu, masunta su fito da komaye, manoman shinkafa su shiga zullumi, bayan 'yan watanni ya janye a koma noman rani. Da wannan sanin na tashi, da shi kuma na sauka Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba, a watan Janairu, na je ziyarar yayana da ke kasuwanci a Bogobiri, unguwar Hausawa da ke tsakiyar garin. Washegari da sassafe na gangara bakin kogi, na tarar da shi cike maƙil, ruwa yana dukan matakala. Da na koma wajen azahar sai na iske kwalekwale kwance a kan laka, ruwan ya ja can nesa. Na tambayi ɗan yayana ko akwai dam da aka rufe a sama. Yaron ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Baffa, ai kullum haka yake yi, sau biyu ma."

Jan wata ne ke haddasa wannan cika da janyewa, rana kuma tana taimakawa. Wata yana jan ruwan teku, duniya tana juyawa, shi ya sa a gaɓar Tekun Atlantika ta ɓangarenmu ruwa ke hawa sau biyu ya sauka sau biyu a kwana guda. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25, saboda haka kullum lokacin cikar yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Duk ɗalibin da ya iya lissafin watan Musulunci ya riga ya samu rabin karatun: ruwa ya fi hawa, ya kuma fi janyewa, a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata. A wajen 7 da 8, da kuma 22 da 23, motsinsa kaɗan ne. Kalaba tana da nisa da buɗaɗɗen teku, amma ruwan gishiri yana biyo bakin Kogin Kuros ya tunkuɗo Kogin Kalaba sama, ya gauraye da ruwan daɗi. Duk tsiron da zai zauna a irin wannan wuri dole ya jure abu uku: nutsewa sau biyu a rana, gishiri, da laka wadda babu iska a cikinta.

Waɗannan tsirrai na so in gani da idona, domin a darasin bayoloji sunayensu kawai muka haddace don jarrabawa. Yayana ya haɗa ni da wani dattijon masunci da yake sayen busasshen kifi a wurinsa. Ɗan yayan nawa, wanda ke aji biyu na babbar sakandare kuma aka haife shi a garin, yana jin yaren Efik kamar Hausa, shi ya zama tafinta. Tun a hanya ya gargaɗe ni cewa a nan "Ete" ake ce wa dattijo, wato Baba. Muka sa rigunan kariya, muka shiga kwalekwale mai ƙaramin inji wajen ƙarfe 8 na safe, ranar 16 ga wata, ruwa ya fara sauka.

Kuskurena na farko

Ba mu yi nisa da barin gari ba sai gaɓar kogi ta zama katanga guda ta koren ganye, dama da hagu. Dogayen ganyaye ne irin na dabino, sun miƙe tsaye daga cikin ruwa, suna sheƙi, iska tana kaɗa su. Na ciro waya na shiga ɗaukar hoto, ina cewa kai, Allah ya yi wa mutanen nan baiwar tukurwa. Yaron ya fassara wa dattijon. Bai yi dariya ba. Ya rage wutar inji, ya matsa da mu kusa, ya ce in nuna masa gangar jikin bishiyar.

Na duba, na sake dubawa. Babu. Ganyayen daga cikin laka suke fitowa kai tsaye, kamar an binne bishiyar dabino har wuya. Ya ce in shafa gefen ganyen. Na shafa a hankali ina tsoron ƙaya, na ji sumul. Sai ya sa filafili ya ɗaga wani ganye, ga wani dunƙule mai ruwan ƙasa, girman ƙwallon ƙafa, 'ya'ya masu kusurwa sun cure wuri guda a kan kara ɗaya. Tukurwa ba ta haihuwar irin wannan. 'Ya'yanta kamar ƙwai suke, masu ɓawo mai sheƙi jere-jere kamar na kifi, ganyenta kuma yana da ƙananan ƙayoyi a gefe.

Abin da na yaba ashe baƙuwa ce. Sunanta nipa, a kimiyyance Nypa fruticans, asalinta kudu maso gabashin Asiya. A shekarar 1906, shekarar da Turawan mulkin mallaka suka ɗauke hedikwatar Kudancin Najeriya daga Kalaba zuwa Legas, aka kawo irinta daga lambun tsirrai na Singafo aka dasa a Kalaba, a 1912 aka ƙara dasawa a Oron, can ƙetaren ruwa a Jihar Akwa Ibom ta yanzu. Gangar jikinta a kwance take a ƙarƙashin laka, tana rarrafe tana rabuwa biyu, biyun su zama huɗu. 'Ya'yanta idan sun nuna sai dunƙulen ya wargaje, kowanne ya faɗa ruwa ya yi ta yawo, cikar ruwa ta kai shi lungun da babu wanda ya taɓa dasa komai. A haka ta bazu yamma zuwa cikin Neja Delta, gabas kuma har bakin ruwan Duwala a Kamaru.

A ƙasashenta na asali, irin su Malesiya da Indunusiya da Filifin, nipa dukiya ce. Ana rufin ɗaki da ganyenta, ana tatsar ruwan karan furenta a dafa sukari, ana cin ɗanyen ƙwayar 'ya'yanta. A can akwai hannayen da ke sara da tatsa kullum. A nan dattijon ya ce in ban da ɗan rufi da tsintsiya ba su ga abin da take tsinana musu ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne abin da ta ture ta zauna a wurinsa. Ya ce zai nuna mini, amma sai mun shiga lungu.

Yadda ruwa ya tafi ya bar mu

Muka ci gaba da gangarawa kudu, kogi yana ƙara faɗi, sannan muka karkata cikin wata siririyar ƙorama. Nan ne na fara ganin bishiyar da littattafai ke kira mangurof. Ba ta da suna a Hausa, domin ba ta taɓa zuwa ƙasar Hausa ba, kuma ba za ta zo ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan wannan daji, amma yawancinmu 'yan Arewa ko hotonsa ba mu tsaya mun duba ba.

Dattijon ya ce minti kaɗan za mu yi mu fita, domin ruwan tsakiyar wata ba ya jira. Ni kuwa na ga abin kallo. Na roƙi a ƙara matsawa ciki, na roƙi a tsaya in zana wani ganye a littafina, na sake roƙo. Ya yi ta kallon gindin itatuwa yana girgiza kai, amma kunyar baƙo ta hana shi musa mini. Da muka juya za mu fita, sai na ji ƙasan kwalekwalen ya goga da wani abu mai laushi. Ya kashe inji, ya kafa sanda ya tura, muka matsa taku biyu muka tsaya cik. Kafin minti 20 ƙoramar da muka shigo ta zama ɗan zirin ruwa da bai kai idon sawu ba. Laifina ne, na kuma amsa. Na ce ko mu sauka mu tura. Ya ɗauki sandarsa, wadda ta fi ni tsawo, ya soka a lakar da hannu ɗaya, ta shige fiye da rabi. Ban sake kawo wannan shawara ba.

Awa uku muka yi a wurin. A nan muka yi azahar a zaune cikin kwalekwale, ni da yaron, ƙananan ƙudaje masu cizo suna ta aikinsu a ƙafafunmu. Amma da ba mu maƙale ba da ban ga komai ba, domin sirrin wannan daji yana ƙasa ne, wurin da ruwa ke rufewa.

Bishiyar da ke bakin ruwa, wadda ta fi yawa, ita ce jan mangurof, Rhizophora racemosa. Ba a ɓata ta. Saiwoyinta daga jikin kututture suke fitowa, sama da ƙasa, su lanƙwasa kamar baka su soki laka, kowace ta sake haifar wata, har bishiyar ta zama kamar gizo-gizo mai ƙafa hamsin. Wasu saiwoyin daga rassa suke saukowa kamar igiyoyin ceɗiya. Dalilin wannan tsayuwa biyu ne. Laka ba ta riƙe gindi, sai an baza ƙafafu. Sannan lakar babu iskar oksijin a cikinta, shi ya sa idan ka tona ta take warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ka duba jikin saiwar da kyau za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo masu kaushi. Ta nan take shaƙar iska idan ruwa ya janye, ta aika wa ɓangaren da ke binne. Gishiri kuwa tun a saiwa take tace shi, mafi yawansa ba ya shiga jikinta. Ganyenta mai kauri ne, mai sheƙi, biyu-biyu suna fuskantar juna, a ƙarshen reshe kuma akwai toho mai tsini kamar bakin mashi. Dattijon ya kankare ɓawon da wuƙa kaɗan, cikin ya fito ja. Ya ce a da da ruwan wannan ɓawo ake rina taru don kada ya ruɓe, kamar yadda majemanmu ke amfani da bagaruwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana rataye a saman kanmu: wasu korayen sanduna masu tsini, kamar 'ya'yan zogale, tsawon kamu ɗaya ko fiye. Na ɗauka kwanson iri ne. Ashe tsiro ne. Ku tuna yadda muruci yake: sai ƙwallon giginya ya faɗi, an binne shi, sannan ya tsira. Jan mangurof ba ya jiran haka, domin irin da ya faɗa wannan ruwa haka nan zai iya nutsewa ko gishiri ya kashe shi. Ɗan yana tsira ne tun yana jikin uwa, ya yi tsawo, ya yi nauyi ta ƙasa, sannan ya saki. Idan ya dace da lokacin janyewar ruwa yakan kafe a laka. Idan ya faɗo lokacin cika sai ya yi ta yawo a kan ruwa, wani lokaci watanni, bai mutu ba, har ya samu wurin zama.

Can baya kaɗan, inda ƙasa ta ɗan fi tudu da tauri, yanayin ya sauya. Itatuwan wurin ba su da ƙafafu. Gindinsu kamar na kowace bishiya yake, sai dai ƙasan da ke kewaye da su cike yake da wasu tsinkaye baƙaƙe da suka fito daga laka suna kallon sama, ɗaruruwa, kamar an kakkafa fensura. Wannan shi ne Avicennia germinans. Tsinkayen nan hancinsa ne: saiwar tana kwance a ƙasa, tana turo su sama don shaƙar iska. Wani reshe ya leƙo kusa da mu, dattijon ya janyo shi da sanda ya tsinko ganye ya miƙo mini. Siriri ne, samansa kore, ƙasansa fari-fari kamar an barbaɗa toka. Ya yi mini alama da harshe. Na kalli yaron, yaron ya ce, "Baffa, cewa ya yi ka lasa." Na lasa. Gishiri ne zalla. Wannan bishiya tana barin gishiri ya shiga jikinta, sannan ta fitar da shi ta ganye kamar gumi, ya bushe a kai. Da rani ake ganin ƙwayoyinsa sosai. Da damina, a garin da ruwan samansa ke kusan milimita 3,000 a shekara, wankewa yake yi.

A nan akwai tarkon da ɗalibi ya kamata ya sani. Littattafan Afirka ta Yamma da yawa suna kiran wannan bishiya farin mangurof, na Amurka kuma suna kiranta baƙi, su ba wata dabam sunan fari, wato Laguncularia racemosa, mai zagayayyen ganye da ƙananan ƙuraje biyu a wuyan kowane ganye. Idan ka riƙe launi kawai za ka rikice. Shi ya sa malamai ke nacewa a kan sunan kimiyya, wanda ba ya sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A da ina ganin wahalar da yara kawai ake yi da waɗannan sunaye na Latin. Ranar na sauya ra'ayi.

Na lura da yadda dattijon ke gane tsiro, kuma ba irin yadda nake yi ba ne. Ni ganye nake fara kallo, shi ya sa nipa ta yaudare ni. Shi kuwa wurin da tsiron ke tsaye yake fara dubawa: bakin ruwa ne ko baya, laka ce ko yashi, ruwan wurin da gishiri ko babu. Daga nan sai gindi da saiwa. Sannan ganye: ɗaya-ɗaya yake ko biyu-biyu, gefensa sumul ne ko da ƙaya, yaya bayansa yake. Fure da 'ya'ya su ne shaidar ƙarshe. Bai taɓa shiga ajin bayoloji ba, amma tsarin nan nasa zai yi aiki a fadamar Haɗeja ko bakin Tafkin Cadi kamar yadda yake yi a Kalaba.

Abin da ke zaune a ƙarƙashin saiwa

Da ruwa ya gama janyewa sai lakar ta cika da motsi. Ƙananan ƙaguwoyi masu hannu ɗaya babba suka fito daga ramuka. Wani irin kifi mai idanu a saman kai ya riƙa tsalle a kan taɓo, har yana hawa saiwa. Ƙananan dodon koɗi masu dogon ɓawo, waɗanda Efik ke kira mfi suke kuma sa wa a miya, sun bazu ko'ina. A jikin saiwoyin jan mangurof kuma wata irin katantanwa mai ɓawo biyu ta manne cunkus, mata na zuwa su ɓamɓare. Dattijon ya ce idan ruwa ya dawo, wannan sarƙaƙiya ta saiwoyi ita ce ɗakin renon 'ya'yan kifi da jatan lande, domin manyan kifaye ba sa iya kutsawa. Ganyen da ke zubowa yana ruɓewa ya zama abincinsu. Duk wanda ya taɓa sayen kirefish ɗin Oron ko busasshen kifin Kudu a kasuwar Sabon Gari ta Kano, to ya ci arzikin wannan laka ko da bai sani ba.

Sai ya nuna mini ɗaya gefen ƙoramar. Kututture ne a sassare, a tsakaninsu kuma ƙananan nipa sun fara kafuwa, tare da wani tsiro mai dogayen ganyaye da ba ya fure, Acrostichum aureum, wanda ake gane shi da ganyayen saman da bayansu ke rufe da gari mai ruwan ƙasa kamar an shafa tsatsa. Duk inda ka ga waɗannan biyu sun yi yawa, an taɓa sare wurin. Itacen mangurof yana ci da wuta sosai ko bai gama bushewa ba, da shi ake ƙyafe kifi, da shi ake kafa rumfa. Dattijon bai ɓoye ba, ya ce shi ma da shi matarsa ke ƙyafe abin da ya kamo, kifin da yayana ke saya ya tura Arewa. Matsalar ita ce idan aka share wuri, nipa ce ke riga kowa zuwa, ta rufe shi da inuwa, 'ya'yan mangurof su rasa inda za su kafe. Ita kuma ba ta da ƙafafun da katantanwa za ta manne ko 'ya'yan kifi su ɓuya.

Na tuna da kacala. Duk ɗan Haɗeja ko Nguru ya san yadda wannan ciyawa ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda kogi ke gudu, ta cinye gonaki, ta zama masaukin jan baki. Baƙon da ya wuce ta hanya zai ga kore shar ya ce ma sha Allah. Haka ni ma na yi da safe, har da hotuna fiye da 30. Mutanen gari da dama a Kalaba, in ji yaron, sun ɗauka nipa tun fil azal take a wurin, domin tun kakanninsu suke ganinta.

Waken da ba a ci

Bayan ƙarfe 2 sai na ji wani ɗan sauti kamar ana zuba ruwa a buta. Ruwa ne ke dawowa, a hankali, yana tura kumfa da busassun ganye a gabansa. Tsinkayen Avicennia suka nutse ɗaya bayan ɗaya, kwalekwale ya motsa. Dattijon ya ce tunda mun riga mun ɓata wuni, bari cikar ruwa ta kai mu sama da gari in ga inda gishiri ke ƙarewa.

Babu allo, babu alama, amma tsirrai suna faɗa. Muna hawa, mangurof yana raguwa yana gajarta. Sai ga wata bishiya mai ƙafafu ita ma, na yi saurin cewa jan mangurof. Yaron ne ya gyara mini wannan karon: saiwoyinta miƙaƙƙu ne, ba lanƙwasassu ba, ganyenta kuma dogo ne kamar na abarba, gefensa kamar zarto. Pandanus ce, wadda ake saƙa tabarma da ganyenta. Can bayanta ga tukurwa ta gaskiya, irin ta Kudu, mai gangar jiki lulluɓe da baƙin zare, wadda ake tatsar bammi a jikinta ake kuma samun gwangwala. Ga kwakwar manja a kan tudu. A wani lungu da ruwa ya kwanta na ga kainuwa tana yawo, na ji kamar na gamu da ɗan garinmu. Kainuwa ba ta jure gishiri, ganinta kaɗai ya isa shaida. Na ɗebi ruwan da tafin hannu na ɗanɗana, salam.

Muka raɓa gaɓa don dattijon ya duba wani tarkonsa. A cikin tarkacen da ruwa ya tara na hango wata ƙwaya mai kyau, launin cakulan, mai siffar ƙoda, ta fi ƙwayar dabino girma, da wani dogon tsagi a gefenta. A sama kuma wata yaɗo ce ta nannaɗe bishiya, ganyenta uku-uku sak na wake. Na ɗauka, na goge a riga, na kai kusa da baki don in gwada taurinta da haƙori, irin yadda muke yi wa gurjiya. Ban san lokacin da filafili ya bugi hannuna ba. Ƙwayar ta faɗa ruwa. Dattijon ya yi magana da ƙarfi, kalma ɗaya na kama: esere.

Yaron da kansa ya tsorata. Esere shi ne waken Kalaba, Physostigma venenosum, ɗaya daga cikin tsirrai masu dafi da suka fi suna a duniya, ƙwaya ɗaya tana iya kashe mutum. A zamanin da, idan aka zargi wani da maita a ƙasar Efik, shi ake daka masa ya sha. Idan ya amayar an wanke shi, idan ya mutu an ce laifinsa ne ya kama shi. Dattawanmu sun san irin wannan shari'a da sunan shan gwaska. Mishan da suka zauna a Kalaba ne suka aika da ƙwayoyin zuwa Sukotland, a 1864 masana a Jamus suka ware sinadarin da ke cikinsa, daga baya likitoci suka yi amfani da shi wajen rage matsin ruwan ido ga masu cutar gilakoma. Duk wannan daga baya na karanta. A lokacin dai hannuna kawai nake murzawa.

Dattijon ya sa yaron ya fassara mini magana ɗaya, ya kuma ce ya faɗa daidai. Ya ce, "Malam, ganyen ɗazu ni na ba ka, na san shi. Wannan wa ya ba ka?" Na ce, "Ete, babu kowa." Ya miƙo mini gorar ruwa ya ce in wanke hannu.

Muka juyo ana dab da magariba, ruwa ya kusa cika. Katangar nipa ta sake bayyana a gefen gari, ban ciro waya ba. 'Ya'yanta suna ta wucewa ta gefen kwalekwale, cikar ruwa tana kai su sama. Duk wanda ya zo kusa sai dattijon ya sa hannu ya tsame shi ya jefa ƙarƙashin mazauninsa. Yaron ya ce haka yake yi kullum, idan sun bushe a sa su a murhu. Kafin mu kai matakala na ƙirga 11. Ɗan yayana kuwa ya fito da tsiron jan mangurof guda biyu da ya tsinta a ƙoramar, ya ce zai kai wa malamar bayolojinsu ranar Litinin, domin a ajinsu mutum uku ne kawai suka taɓa shiga kwalekwale.